Kafin ka ɗauki injin feshi: yadda ake gano abin da ke damun ƙaramar bishiyar tuffa

Shekarar da na fara dashen tuffa a 'yar gonata da ke wajen Jos, ta ɓangaren hanyar Vom, guda talatin na sa, iri biyu: Anna ashirin da huɗu, Dorsett Golden shida, saboda su biyun suna fure lokaci guda kuma kowace tana taimaka wa 'yar'uwarta wajen ɗaukar 'ya'ya. Kafin damina ta biyu ta fita, bakwai sun mutu. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, sau uku ina yi musu feshin maganin ƙwari. Na ga ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, na je shagon magani na kwatanta da baki, aka miƙo mini kwalba, na biya na dawo. Ranar da wani malamin gona ya biyo ta wajen, ko kallon ganyen bai yi ba. Tsugunawa ya yi, ya sa yatsa ya tone ƙasar gindin, ya kankare ɓawon da 'yar wuƙa, sannan ya ce, "Alhaji, matso ka shinshina." Wani tsami ya bugi hancina. Ƙarƙashin ɓawon ya yi ja-ja kamar tsatsa, ya yi laushi. Ya ce, "Ba ƙwari ba ne. Ruwa ne ya ci gindin."

Tun daga ranar na sauya yadda nake duba bishiya, kuma shi nake son in nuna maka. Daga ƙasa ake farawa, a hau sama. Ganye shi ne ke fara kuka, amma sau da yawa ba a jikinsa ciwon yake ba.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: 'yar wuƙa mai kaifi, farar takarda, tocila, wayarka, da gilashin ƙara girman abu idan kana da shi. In babu, kyamarar waya ta wadatar, ka matso da ita ka zuƙo hoton. Ka fita da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba, sau ɗaya a mako ko sau biyu a cikin marka.

Tsaya daga nesa tukuna

Kada ka faɗa kan bishiyar da ta ba ka tsoro. Tsaya a bakin gona ka dubi layin gaba ɗaya. Guda ɗaya ce ta lalace, ko duk na gefe guda? Na kwari ne inda ruwa ke kwanciya, ko na tudu? Ciyawar da ke ƙarƙashinsu fa, ita ma ta ƙone? Cuta ko ƙwari kan fara daga wuri ɗaya su bazu a hankali, kwana bayan kwana, kuma yawanci suna da irin shukar da suke so. Abin da ya sami bishiyoyi goma a dare ɗaya, ya haɗa har da ciyawa da waken da ke kusa, ba cuta ba ce. Ko iska ta kwaso maganin ciyawa daga gonar maƙwabci, ko ƙanƙara ta sauka, ko an zuba taki ya yi yawa. Mu nan Filato mun san ƙanƙarar farkon damina: tana yayyaga ganye, ta bar ƙananan raunuka a ɓawon reshe, duk a gefen da iskar ta fito. Maganin ciyawa mai ƙonewa nan take yana barin ɗigo-ɗigon ƙuna daidai inda ya sauka, kuma tabon ba ya ƙara faɗi. Mai bin jijiya kuwa, irin gilaifoset, sai daga baya za ka ga sabon toho ya fito sirara-sirara, ganyen a tsuke kamar igiya. Haka nan injin feshin da aka yi aikin ciyawa da shi aka ɗauraye sama-sama yana iya jawo maka wannan. Ni yanzu biyu nake da su, na shafa wa na ciyawa jan fenti.

Ka kuma tambayi kanka abin da ya faru makonni biyu da suka wuce. Wa ya yi ban ruwa, nawa ya zuba, an sa yuriya ko kamfa, an yi noma kusa da gindi da fartanya?

Gindi da saiwa

A nan nake ɓata mafi yawan lokacina, domin a nan ƙaramar bishiya ke mutuwa. Tuffar da muke saya 'yar aure ce: saman iri ɗaya ne, gindin wani iri. Wurin auren yana nan kamar 'yar gwiwa a jikin sandar, kuma ya kamata ya kasance sama da ƙasa da kamar santimita 10 zuwa 15, wato faɗin tafin hannu ko fiye. Ni da na dasa nawa, na binne auren, na yi musu kwano mai zurfi don ruwa ya tsaya kamar yadda muke yi wa mangwaro a ƙasa mai yashi, na kuma tara kashin shanu har ya taɓa jikinsu. Jos kuwa ruwan Yuli da Agusta ba wasa ba ne. Gindin ya kwana ya wuni a jiƙe wata biyu.

Abin da ke ruɓar da gindin dangi ɗaya ne da abin da ke ƙone ganyen dankalin Turawa a Bokkos da Mangu idan marka ta kama. Yana zaune a ƙasa, yana iyo a cikin ruwan da ya kwanta har ya sami ɓawo. Alamarsa a sama ba ta da wani abin mamaki, shi ya sa take ruɗar mutum: toho ya tsaya, ganye ƙanana masu rawaya, wani lokaci su yi ja-ja kamar na yakuwa kafin lokacin zubarsu. Don ka tabbatar, ka janye ƙasa daga gindin har ka ga manyan saiwoyin farko, ka ɗan kankare ɓawon da bakin wuƙa, kamar faɗin farce. Lafiyayye za ka gan shi kore-kore ko fari tas, da danshi mai daɗin ƙamshi. Mai ciwo ja ne ko ruwan ƙasa, yana tsami, kuma za ka ga iyaka a fili tsakanin matacce da mai rai. Bi iyakar nan ka ga inda ta kai. Idan gefe guda ne kawai, akwai sa rai: ka bar wurin a buɗe ya sha iska, ka fasa kwanon ruwan, ka yi wa ruwa hanya, ka kwashe taki daga jikin. Maganin da ke ɗauke da metalaksil, irin wanda masu dankali suka sani, ana kwarara shi a gindi yana rage yaɗuwar. Idan kuwa ruɓar ta zagaye fiye da rabin gindin, a ganina ka haƙura da ita. Na yi jinyar irin waɗannan shekara guda, ba wadda ta tashi.

Idan za ka sayi dashe, ka tambayi mai reno irin gindin da ya yi auren a kai. Akwai wanda ake kira MM106, ɗaya daga cikin waɗanda aka samar a Ingila. Yana da kyau, yana sa bishiya ta yi saurin haihuwa, amma an san shi da rashin jure ƙasa mai riƙe ruwa. Mai irin wannan gindin a kan tudun kunya ya kamata a dasa shi.

Tunda ka tsuguna, duba sauran abubuwa. Idan ka ga an yaɓe jikin bishiyar da jar ƙasa kamar an yi mata shafe, gara ce. Kankare yaɓen za ka same su a ciki. Gara ta fi zuwa a rani, ta fi kama bishiyar da ƙishirwa ta riga ta galabaitar, kuma mu muke yi mata shimfiɗa: busasshiyar ciyawar da muke rufe gindi da ita, da busasshen turken da muke ɗaure dashen a jikinsa. Rufe ƙasa da ciyawa abu ne mai kyau, amma ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da jikin bishiyar. Idan bishiyar tana girgiɗi in ka taɓa ta, kamar haƙorin da zai fita, tona ka gani. Ko gara ta cinye saiwar, ko gwazarma, farar tsutsar nan mai kauri da ke naɗewa kamar lauje, wadda ke zuwa cikin takin da bai gama ruɓewa ba. Ɓawon da aka gaigaye a zagaye kusa da ƙasa, da sawun haƙora biyu-biyu, aikin ɓera ne ko zomo. Akuya kuwa ba ta ɓoye aikinta: tana fizgar ɓawon ta yage shi zuwa sama, ta cinye kan tohon. Wani ƙulli mai kaushi kamar ƙaton kurji a gindi ko a wurin aure cuta ce ta bakteriya, yawanci daga wurin reno ake zuwa da ita. Kada ka karɓi dashe mai irin wannan ko kyauta ne.

Abu ɗaya da ba ciwo ba ne amma yana cinye bishiya: tohon da ke fitowa daga ƙasan aure. Ganyensa ya bambanta da na sama, yana da ƙarfin girma, kuma in ka bar shi zai ƙwace abincin. Cire shi tun yana ƙarami.

Daga nan ka bi sandar zuwa rassa. Kana neman abu uku. Na farko ƙaramin rami da garin itace a bakinsa ko a ƙasa, kamar wanda kafinta ya zubar. Tsutsa ce mai huda, tana ciki tana ci. Reshen da ke sama da ramin kan yi yaushi farat ɗaya alhali sauran bishiyar lafiya lau. Feshi ba ya kai mata. Zura siririyar waya a ramin har ka ji ka soke ta, ko ka datse reshen ƙasa da ramin ka tsaga ka gani, ka ƙone. Na biyu ɓawon da ya loɓa ya yi duhu, ya tsattsage, yawanci kewaye da wani tsohon rauni ko wurin da aka yi datsa aka bar guntu. Wannan gyambo ne na fangas. A yanke reshen can ƙasa inda itacen yake fari tas. Amma idan tsagewar duk a gefen yamma take, inda ranar la'asar ke duka a watan Maris, ƙunar rana ce, farar ƙasa ko farin fentin ruwa da aka sirka shi ne maganinta. Na uku wasu ƙananan ƙuraje masu launin toka da suka manne a ɓawo kamar ɓamɓaroki. Sa farce ka ɓamɓare ɗaya. Idan ya fita, ka ga abu mai laushi rawaya a ƙarƙashi, ƙwaro ne mai sulke, yana zaune wuri ɗaya yana tsotsa. Idan bai fita ba, ɗigon halitta ne na ɓawon tuffa, ta nan take numfashi. Na ga mutumin da ya kusa kankare bishiyarsa tas saboda waɗannan ɗigon.

Wani abin da ke tayar wa masu sabon dashe hankali: sun ga hoto a intanet na wata cuta ta bakteriya da ta addabi gonakin Amurka da Turai, inda kan reshe ke yin baƙi kamar wuta ta lashe shi, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Da sun ga toho ya sunkuya sai su ce ita ce. Duba rami tukuna, duba ƙasa ko ta bushe, duba gindi. Kowace ce ma, datse reshen da tazarar santimita 30 ƙasa da inda ya mutu ba zai cutar ba, muddin kana goge almakashin da sipirit, ko ruwan bilic kashi ɗaya cikin goma, kafin ka taɓa wata bishiyar.

Ganye: wa ya ci, wa ya tsotsa, wa ya yi tabo

Yanzu ka iso ganye. Juya shi. Kusan duk abin da kake nema a bayansa yake.

Idan akwai ɓula ko an gutsure gefe, mai baki ne ya ci. Tsutsa tana barin kashinta, baƙaƙen ƙwayoyi a kan ganyen ƙasa, wata kuma tana naɗe ganye da zare ta shige ciki. Fara tana ci daga gefe da rana tsaka, kana ganinta. Idan kuwa kullum da safe ka tarar an mayar da ganye kamar raga, ka duba ka duba ba ka ga kowa ba, to ɓarawon dare ne. Fito da tocila bayan sallar isha'i a makonnin farko na damina, za ka tarar da ƙwari masu ruwan ƙasa, girman ƙwayar gyaɗa, sun yi dafifi. Shimfiɗa buhu a ƙasa ka girgiza bishiyar, su zubo, ka juye su a bokitin ruwan sabulu. Dare uku zuwa huɗu na yi haka, abin ya lafa. Ra'ayina game da masu cin ganye shi ne an fi jin tsoronsu fiye da ɓarnarsu. Ɓula a ganye ɗaya cikin goma ba ta hana bishiya girma. Abin da za ka tsare shi ne kan tohon tsakiya, wanda zai zama jikin bishiyar gobe.

Masu tsotsa su ne masu wayo, don ba sa barin rami. Ganyen kan toho ya dunƙule ya murɗe, ka buɗe ka ga ƙananan ƙwari kore ko baƙi-baƙi cunkus: darɓa ce, irin wadda manomin dawa ya sani. Tun kafin ka gan ta, tururuwa za ta nuna maka. Idan ka ga kiyashi suna hawa suna sauka a jikin tuffa kamar hanyar kasuwa, bi su, za su kai ka. Ruwan zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, suna kuma korar mata abokan gaba. Wannan ruwan zaƙin in ya zuba a ganyen ƙasa sai ya yi danƙo, baƙin fumfuna ya hau kai kamar kunkunniyar ɗakin girki. Mutane da yawa suna ganin baƙin nan su sayi maganin cuta. Jiƙa yatsa ka goga. Idan ya fita ya bar ganye kore a ƙarƙashi, ba cuta ba ce, ka nemi mai tsotsar da ke sama da shi.

Kafin ka yi wa darɓa komai, duba ko an riga ka. Jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, zagayayye kamar rabin ƙwayar wake, abincinsa ke nan. 'Ya'yansa ba su kama da shi ko kaɗan: dogaye ne, baƙaƙe da ɗigon ruwan lemo, kamar 'yan mitsi-mitsin kadoji. Na taɓa murƙushe su da hannuna ina zaton su ne masu ɓarnar. Idan suna nan, ba su mako guda. Idan babu, a ƙaramar bishiya yatsa biyu da ruwa sun isa, ko ruwan sabulun wanka mara turare, kamar cokali ɗaya a lita, a fesa a bayan ganye da yamma. Garin wanki yana ƙona ganye, kada ka sa. Ruwan 'ya'yan darbejiya ma yana aiki: a daka ƙwayar kamar giram 50 a kowace lita, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle, a yi amfani da shi a ranar.

A lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe komai, akwai wani mai tsotsa da ido ba ya kamawa. Ganye ya dusashe, ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an tsattsaga masa allura, daga baya ya koma ruwan tagulla. Riƙe farar takardar nan a ƙarƙashin reshe ka buga shi sau uku. Dubi ƙurar da ta zubo. Idan wasu ɗigon suna tafiya, in ka goge su da yatsa su bar jan layi, ƙananan gizo-gizon ganye ne. A nan ne feshin ganganci ya fi yin ɓarna, don magungunan ƙwarin da suka cika kasuwa, irin su saifametirin, suna kashe masu cin su, su kuma su tsira su ninka. Wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi sau biyu a mako, da ban ruwa isasshe, ya fi kwalbar.

Farin abu a jikin tuffa kashi huɗu ne, kuma ana yawan rikita su. Ƙurar hunturu tana kan kowane ganye, tsoho da sabo, ruwa na wanke ta. Idan farin kamar auduga ne, a cure a wurin da aka yi datsa, ko a tsagar ɓawo, ko a gindi, murza shi da yatsa: in ya bar ja kamar jini, darɓa ce mai ulu. Wannan ta fi 'yar'uwarta haɗari, don tana sauka har saiwa ta sa ta yi ƙulle-ƙulle. Saboda ita ne ma aka samar da gindin MM106 da ɗan'uwansa MM111, waɗanda saiwarsu ke jure mata. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu nake bin ta da shi. Idan farin ɗaiɗai ne, mai siffar ƙwai, yana motsi a hankali a hammatar ganye, ƙwaro ne mai gari, irin na rogo da gwanda. Idan kuwa sabon toho ne kaɗai ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa garin alabo, ganyen ya tsuke ya miƙe ya yi tauri, gefensa ya naɗe sama, wannan farin fumfuna ne, cuta ce ta gaske. Ba ya buƙatar ruwan sama. Rana mai ɗumi da dare mai raɓa sun ishe shi. Yana kwana a cikin idon reshe, shi ya sa tohon kan fito da shi tun daga farko. Tsinke duk tohon da ya kamu ka sa a leda ka fitar daga gona, kada ka karkaɗe shi a kan sauran. Idan ya yi yawa, maganin farar wuta na feshi yana tsayar da shi, amma ba a fesa shi da zafin rana, don in zafi ya haura digiri 30 yana ƙona ganye, kuma ba a haɗa shi da maganin feshi mai ɗauke da mai, ko a biyo bayan irin wannan maganin da shi cikin mako biyu.

Sai tabo. Wanda ya fi shahara a duniyar tuffa yana farawa kamar ɗigon mai, kore mai duhu, gefensa ba a tsaye ba, in ka shafa kamar karan-miski. Daga baya ya yi baƙi, ganyen ya kumbura a wurin, ya yi rawaya ya faɗi. Gogawa ba ta fitar da shi, nan ya bambanta da baƙin fumfunan darɓa. A 1944 wani masani mai suna Mills a jami'ar Kwanel ta Amurka ya fitar da lissafin yadda yake kamawa: idan yanayi yana tsakanin digiri 16 da 24, ganye ya zauna a jiƙe kamar awa 9, ya kamu. Duk wanda ya san Agustan Jos ko na Gembu a tsaunin Mambila ya san kusan kowace rana haka take. Tabon kuwa ba ya bayyana sai bayan kwana 9 zuwa 17. Ma'ana, abin da kake gani yau tun makonni biyu ya shiga. Mankozeb da maganin tagulla rigakafi ne, suna tsare ganyen da bai kamu ba, ba sa goge tabon da ya riga ya fito. Wanda bai san haka ba zai yi feshi, ya dawo bayan kwana uku ya ga tabo na nan, ya ce maganin jabu ne ya ƙara ninki. Akwai kuma wani tabon zagayayye, ruwan ƙasa, da da'ira mai duhu a gefensa, wanda ke yawaita a ƙarshen damina. Duk biyun hanyar yaƙarsu ɗaya: share ganyen da ya zuba a binne ko a ƙone, tunda a cikinsa cutar ke jiran wata shekara, rage rassan tsakiya iska ta ratsa, zuba ruwa a ƙasa, ba a kan ganye ba, in za a yi rigakafi, a fara shi tun toho yana sabo, bisa ma'aunin da ke jikin takardar maganin.

Rawaya ba tare da tabo ba, ba tare da ƙwaro ba, gindi kuma lafiya, yunwa ce. Tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya gaba ɗaya, bishiyar ta ƙi girma: naitirojin take so. Sababbin ganyen sama su yi fari-fari, jijiyoyinsu kore shar kamar zane: ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma sau da yawa yana nan a ƙasar, ruwa ne ya yi yawa ko an cika toka saiwa ta kasa ɗauka. Ganye ƙanana a cure a kan reshe kamar fure, ƙasansu reshen tsirara: ƙarancin sinadarin zink ne. Gefen ganye ya ƙone zagaye jim kaɗan bayan an sa taki: takin ne ya yi yawa ko ya matsu da gindi.

Kada kuma ka manta tuffa 'yar ƙasar sanyi ce, tana da barcinta. Anna, wadda aka samar a Isra'ila, tana wadatuwa da sanyin awa 200 zuwa 300, alhali irin na Turai suna neman kusan 1,000, shi ya sa ita da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas suke yi a wurinmu. Duk da haka sanyinmu ba ya isarta ta zubar da ganye tas. A Disamba da Janairu za ka ga ganye ya tsufa, ya yi dabbare-dabbare, wasu sun zuba wasu sun maƙale, daga baya kan reshe ya yi toho amma tsakiyarsa ya zauna tsirara. Ba ciwo ba ne. Manoman tuffa a Batu ta Indonesiya da hannu suke tsige ganyen su lanƙwasa rassan a kwance don idanun su farka tare, mu ma haka muke yi. In kana shakkar reshe ya mutu ko barci yake, ɗan kankare shi da farce. Kore a ciki, yana da rai.

Idan ka bi duk wannan abin bai fito maka ba, kai wa malamin gona, amma ka kai masa abin da zai iya karantawa. Busasshen ganye ɗaya a aljihu ba ya gaya wa kowa komai. Yanko reshe mai ɗauke da wurin da ciwo ya haɗu da lafiya, ka sa a ambulan ko ka naɗe a jarida, ba a leda ba, don a leda zai yi gumi ya ruɓe kafin ka isa. Ƙwaro kuwa a 'yar kwalba da ɗan sipirit. In hoto za ka tura ta WhatsApp, ɗauki huɗu: bishiyar gaba ɗaya da na kusa da ita, reshen, gaban ganye da bayansa, sai gindin bayan ka janye ƙasa. Ka faɗi shekarun dashen, irinsa, yadda kake ban ruwa, da duk abin da ka zuba ko ka fesa a wata guda da ya wuce, ko da kana jin nauyin faɗa.

In ya tabbata sai an yi feshi, da yamma ake yi, iska a kwance, ka rufe hanci da hannu da ƙafa. Ba a fesa maganin ƙwari bishiya tana fure, don ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin furen Dorsett ya kai wa Anna. Ɗaura ƙyalle a reshe biyu ko uku da suka fi kamuwa, ka rubuta ranar a littafi, ka dawo bayan mako ka dubi sabon tohon da ya fito a kansu. Shi zai nuna maka ko aikin ya ci. Tsohon ganyen da ya lalace ba zai warke ba.

Ramukan nan bakwai ban mayar da tuffa a cikinsu ba, don abin da ya ruɓar da gindin yana daɗewa a ƙasa. Na tone saiwoyin na ƙone, na bar wurin ya sha ranar bazara, na shuka masara a layin. Sababbin bakwai ɗin na kai su can sama inda gonar ta ɗan yi gangare, kowace a kan tudun da ya kai tsawon gwiwa, auren a sarari ina ganinsa daga nesa, kwanon ruwan kuma na yi shi zobe, nesa da jiki da kamar taƙi biyu. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu nake fasa zoben ta gefen gangare, sai Nuwamba in sake gyara shi.